Kwana uku ni kaɗai a Unst, inda dare ba ya yin duhu

Ranar da na gaya wa Umma a waya cewa zan tafi yawon ƙafa a wani tsibiri ni kaɗai, sai ta yi shiru, can ta ce, "Kai ɗan nan, me ka ajiye a can?" Ban ajiye komai ba. Na gama jarabawa ne a Aberdeen a watan Yunin 2023, kaina ya yi zafi, abokan karatuna kuwa kowa Landan ko Manchesta ya nufa. Ni taswira na buɗe, na ɗora yatsa a kan tsibiri na ƙarshe da mutane ke zaune a arewacin Birtaniya. Sunansa Unst, cikin tsibiran Shetlan, mutanensa ba su wuce ɗari shida da 'yan kai ba. Wata unguwa guda a Kano ta ninka su sau nawa.

Zuwan ma kansa aiki ne. Jirgin ruwa ya bar Aberdeen da ƙarfe bakwai na yamma, ya kwana yana tafiya, sai da safe muka sauka Lerwick, babban garin Shetlan. Ban kama ɗaki ba, kuɗin ɗalibi ne, a kan kujera na kwana cikina yana hautsinawa. Daga Lerwick bas ya kai mu Toft, ƙaramin jirgi ya tsallakar da mu Ulsta a tsibirin Yell cikin minti 20, muka ratsa Yell har Gutcher, wani jirgin kuma ya sauke mu Belmont a Unst cikin minti 10. A hanya mun hango tashar man Sullom Voe, wadda tun 1978 take karɓar ɗanyen mai daga teku. Sunanta na sha ji a aji, ganinta kuwa sai ranar.

Abin da ya fara damuna rashin bishiya ne. Mu da muka saba cewa "ka bi ta gindin tsamiyar nan", a nan babu tsamiya, babu kuka, babu ko sabara. Tudu ne bayan tudu, ciyawa gajera, tumaki, sai 'yan dawakan nan nasu masu gashi buzu-buzu da ba su kai jaki tsayi ba. Sunayen garuruwan ma ba su yi kama da Turanci ba, domin tsibiran na ƙarƙashin sarautar Norwe ne har 1469, lokacin da aka jinginar da su ga Sikotilan a madadin kuɗin auren wata gimbiya, ba a kuma fanshe su ba.

Na sauka a gidan wata dattijuwa kusa da Baltasound da ke ba da hayar ɗaki. Daren farko na zauna jiran magariba har na gaji. Rana ba ta faɗi ba sai wajen goma da rabi, ta kuma dawo kafin ƙarfe huɗu, tsakaninsu kuwa wani haske ne mai kama da na bayan sallar asuba. Su suna ce masa simmer dim. Jan shafaƙi bai ɓace ba balle in ce ga isha. Na bi fatawar da malaminmu na masallaci a Aberdeen ya ba mu, na ƙiyasta lokaci na yi sallata, na rufe ido da hula na kwanta.

Hasken nan shi ya yaudare ni. Washegari na yi nufin zuwa Hermaness, gandun tsuntsaye da ke ƙarshen tsibirin, na ce ai tunda dare ba ya yi, gaggawar me zan yi? Sai bayan azahar na shirya. Ina ɗaura takalmi dattijuwar ta tsaya a kaina ta tambayi hanyar da zan bi da lokacin da zan dawo. Na ce ban sani ba, sai yadda ta yiwu. Ta ce a'a, in faɗi lokaci. Na ce to, tara. Ta rubuta a bayan wata ambulan, ta dubi wandon jins da ke jikina, ta buɗe baki kamar za ta yi magana, ta fasa. A raina na ce tsofaffi dai duk ɗaya suke, ko a Fagge ko a nan.

Na taka da ƙafa ta Haroldswick, inda aka ajiye kwaikwayon jirgin Baikin, mayaƙan teku na dā daga ƙasashen su Norwe, a bakin hanya, na wuce har mashigar gandun. Daga nan an shimfiɗa katakai a kan fadama, kana tafe suna amsawa. Ban yi nisa ba wani ƙaton tsuntsu mai ruwan ƙasa ya taso mini gadan-gadan, iskar fikafikansa ta share mini kunne. Bonxie suke kiransa. Wanda ya taɓa ganin shirwa ta kawo wa 'yan tsaki sura ya san abin, sai dai a nan ni ne ɗan tsakon. Yana gadin sheƙarsa ne a cikin ciyawa. Dabarar ita ce ka ɗaga sanda ko hannu sama da kanka, domin abin da ya fi tsayi yake nufa. Haka na yi ta tafiya da sanda a sama kamar mai rakiyar hakimi.

Sai ƙasa ta ƙare kawai. Gaɓar dutse ce da ta kai mita 170 a wani wurin, teku na dukan gindinta. Warin kashin tsuntsaye ya riga ganinsu isowa. Dubban fararen tsuntsaye masu kai ruwan ƙwai sun lulluɓe duwatsun, suna naɗe fikafikai su faɗa ruwa kamar mashi. Kusa da ƙafata kuma ga wasu 'yan ƙanana masu baki ja da rawaya, tammie norie a bakin mutanen wurin, suna fitowa daga ramuka da ƙananan kifaye jere a baki, ko a jikinsu da ni. Can gaba ga hasumiyar fitila ta Muckle Flugga a kan tsinin dutse. An fara kunna fitila a wurin a 1854, mutane suka yi ta zaman gadinta har 1995 da aka mayar da ita mai sarrafa kanta. Na zauna na jiƙa garin kwaki da sukari, na ci dabino, na yi la'asar ina fuskantar kudu maso gabas, iska na neman tafiya da sallayar. Ban taɓa jin natsuwa irin ta lokacin ba, shi ya sa na zarce awa biyu a wurin.

Hazo ya taso daga teku ba sallama. Ba irin namu na hunturu mai busar da leɓe ba, wannan jiƙa mutum yake yi. Cikin minti kaɗan hasumiyar ta ɓace, sai tsuntsayen, sai bakin gaɓar ma na daina gani, ƙarar ruwa kawai nake ji, ita ma ban iya cewa ga ta inda take fitowa ba. A nan na tafka wautar da har yau nake jin kunyarta. Maimakon in koma ta inda na zo, na ce bari in yanke ta tsakiyar tudu in tari katakan a gaba. Taku kamar hamsin ƙafar dama ta nutse har gwiwa cikin baƙar laka, irin wadda suke yankawa kamar tubali su shanya su hura wuta da ita. Na zaro ƙafar da ƙyar, takalmin ya cika. Jins ɗin ya sha ruwa ya manne mini, sanyi ya fara shiga ƙashi, ga shi watan Yuni. Na ciro waya, babu sabis, batir saura kaɗan domin na ƙarar da shi wajen ɗaukar hoton tsuntsaye. Taswirar takarda na gani a kanti a Lerwick, na ce tsada.

Na tsaya cak. Gaɓar tana wani wuri kusa, kuma a cikin hazo duk taku ɗaya caca ne. Abin da ya fishe ni kamfas ɗin da nake duba alƙibla da shi, ɗan ƙarami na roba da ke maƙale a sallaya. Na san gaɓar tana yamma da arewa, saboda haka na sa gaba kudu maso gabas, ina caka sanda kafin kowane taku, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Na fi rabin awa a haka kafin sandar ta bugi katako. Wallahi sai da na durƙusa na shafa shi da hannu.

A kan titi wani manomi mai akori-kura ya rage mini hanya, karensa na shinshina wuyana, ban ko damu ba. Shi ya ba ni labarin murar tsuntsaye da ta yi musu ɓarna a 2022, har gawarwakin tsuntsayen suka cika bakin ruwa. Ya dubi ƙafata ya ce duk wanda ya bar katakan nan da irin wannan ƙafar yake dawowa.

Tara saura minti ashirin na shiga gida. Dattijuwar na zaune a kicin, ambulan ɗin a gabanta, waya a gefe. Ta ce da tara ta buga, masu ceto na bakin teku za ta kira, ba za ta ƙara ko minti biyar ba. Ta karɓi takalman ta cusa musu tsofaffin jaridu ta jingina kusa da murhu, ta miƙo mini shayi da wani wandon ulu na marigayi mijinta wanda ya tsaya mini a ƙwauri.

Kwana na uku da wandon na fita, da rigar ruwa a jaka, da taswirar da ta ara mini, tun ƙarfe takwas na safe. Kafin ta tambaya na ce mata biyar zan dawo, na kuma nuna mata hanyar da yatsa. Umma kuwa hoton tsuntsayen kawai na tura mata. Ta ce masu jan bakin sun yi kyau, ta tambaya ko ana cinsu.