Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Babur Mai Lagireto

Makon jiya na tsaya ne a inda gwamnatin Kano ta hana acaɓa a watan Janairun 2013, garejinmu ya koma tamkar gidan makoki. Mu da muke kwance injin Boxer da Jincheng uku huɗu a wuni, sai ga mu muna korar ƙuda. Shi ya sa da wani saurayi ya turo Honda CB400 'yar Kwatano cikin zafin Afrilu, maigidana bai ce masa "ba aikinmu ba ne" ba, alhali tun da yake bai taɓa sa sifana a babur mai lagireto ba. Namu duk iska ce ke sanyaya su.

Saurayin ya ce in ya miƙi titin Zariya lafiya ƙalau, amma da ya shiga cunkoson Kurna ko Bata sai allurar zafi ta haye ja, ruwa ya riƙa tafasa yana zuba ta ƙasa. Yau ko a barci aka faɗa mini haka na san inda zan dosa: a guje iska ce ke ratsa lagireto, a tsaye kuwa fanka ce kaɗai gatansa. Amma a lokacin wa ya sani?

Maigida ya yi irin ta masu mota. Ya zare tamostat, ɗan bawul ɗin da ke tare ruwa har sai inji ya ɗau zafi, ya jefa a kwali, ya ce wannan don ƙasashen sanyi aka yi shi. Muka ɗura ruwan rijiya, muka tayar. Ko minti goma sha biyar ba a yi ba ya sake tafasa. Nan na yi wautar da har yau tabonta ke wuyan hannuna na dama: don in nuna zafin nama, na murɗe murfin lagireto da tsumma injin na huci. Murfin nan matse ruwan yake yi don ya wuce digiri 100 bai tafasa ba, kana sassauta shi sai ya yi tsiri gaba ɗaya. Na yi ihu, mai shayin gefenmu ya rugo da ruwan randa, maigida kuwa maimakon sannu sai ya ce, "Allah ya ƙara, uban 'yan rawar kai."

Washegari ya yanke hukunci: gaskit, shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa, ya ƙone, a sauke kan inji. Silinda huɗu fa! Ni da hannu a naɗe aka aike ni Ƙofar Ruwa neman gaskit, na dawo ban samu ba, kuma wannan rashin shi ya ceci aljihun saurayin.

Akwai wani dattijo mai wayarin a bayan rumfarmu, wanda maigida ke yi wa kallon mai gyaran hon da sigina kawai. Ya leƙo ya ce, "Ɗan nan, tun jiya nake jin kuna ta gasa abin nan. Ka taɓa jin kukan fankarsa?"

Na ce, "A'a, Baba."

"To me kuke nema a cikin inji?"

Ya tsuguna. Ya fara da fis mai lamba 10, ya ɗaga shi ga rana, lafiya lau. Sai ya nuna mini wani ɗan ƙarfe mai kan noti da aka ɗaure a jikin lagireto, da waya guda ɗaya tal. Ya ce wannan shi ne makunnin fanka: in ruwa ya kai wajen digiri 100 sai ya haɗa wayar da jikin ƙarfe, fanka ta tashi, in ya ɗan huce ya sake ta. Ya zare wayar, ya ce in murɗa ki, ya dangwala bakinta a firam. Fuuu! Fankar ta tashi har ƙurar Kwatano ta bule mini ido.

Maigida ya ce, "Shi ke nan, Malam, a haɗa ta kai tsaye ta yi ta juyawa." Baba bai ko ɗago ba. Ya ce batirin babur ba na mota ba ne, kuma fankar da aka yi don ta yi aikin minti biyu ta huta ba za ta jure wuni ba.

Ni na ɗauka makunnin ne ya mutu, har na fara lissafin komawa kasuwa. Baba ya kwance shi, ya kankare farin dattin da ruwan rijiya ke bari, ya ari rishon mai shayi. Bai sa shi a ruwa ba, don a buɗaɗɗiyar tukunya ruwa na tafasa ne daidai gaɓar da abin ke shirin kamawa; baƙin mai ya zuba a gwangwanin madara, ya tsoma bakin makunnin, ya haɗa ƙwan gwajinsa da batir. Muka zuba ido mu huɗu har da mai shayi. Can sai ƙwan ya kawo. Makunni lafiyarsa ƙalau.

Sai ya zura hannu bayan lagireto ya jawo wata koriyar waya mai zobe a baki, tana lilo. Lagireton nan a kan roba yake zaune, ba ya taɓa firam, wannan wayar ce negatif ɗinsa, ita ke haɗa shi da firam don makunnin ya iya tayar da fanka. Wani da ya taɓa sauke shi a baya ya manta bai mayar da ita ba. Noti ɗaya mai lamba 10.

Baba ya sa aka ciro tamostat daga kwali aka mayar, aka wanke lagireto, aka ɗura ruwan sanyaya inji na kanti, aka bar shi yana aiki murfi a buɗe tun yana sanyi har kumfar iska ta gama fita. Muka rufe, muka jira. Allura ta hau, ta hau, fanka ta kama da kanta, allura ta sauko, fanka ta yi shiru.

Saurayin ya biya maigida, maigida ya tura kuɗin aljihu bai miƙa wa Baba ko sisi ba. Da magariba na zagaya bayan rumfa na ce, "Baba, in na tashi aiki zan riƙa zuwa ina riƙe maka ƙwan gwaji." Ya dubi hannuna ya ce in bari ƙunar ta warke tukuna. Ban san maigida na tsaye a bayana da buta ba.

Abin da ya faɗa mini, da yadda maganar ta kai gaban mahaifina a daren, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.