Sabuwar hita da sanyin Gusau

Talata. Hunturun bana ba da wasa ya zo ba. Da asuba na shiga banɗakin Inna in gwada hitar da aka kafa mata jiya, irin marar tankin nan da ake mannawa a bango, ruwa na ratsa ta yana fitowa da zafi nan take. Jiya da la'asar har tururi yake yi. Yau kuwa da ƙyar ya kai ɗumi-ɗumi. Inna ta tara hannu, ta ce, "Abin da kuka zuba wa kuɗi ke nan? Ɗora mini tukunya a kurfoti."

Da hantsi mai gyara ya zo, ya ce lafiyar hitar ƙalau. Ita ƙari kawai take yi a kan yadda ruwa ya zo mata. Tamu mai kilowat 5.5 ce, in lita 4 ke wucewa a minti, digiri 20 za ta iya ƙarawa, iyakarta ke nan. Ruwan da rana ta gasa a tankin sama ya shigo a 28, ya fita a 48. Wanda ya kwana iskar hunturu na dukansa ya shigo a 15, ina zai kai? Ga wutarmu, maimakon ƙarfin volt 230 wani lokaci 180 take zuwa, ƙarfin hitar ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin uku.

"Alhaji, rage famfon," in ji shi. Na rage, ruwa ya yi zafi. Na ƙara ragewa, sai ta mutu ɗungurungum, don sai ta ji gudun ruwa take kamawa. Tsakanin nan za a koya wa Inna ta riƙa tsayawa, kuma na san halinta da sabon abu.

Bayan azahar ƙanena ya kira daga Kanada, yana mini dariyar sanyin da nake kuka da shi. Can ruwan famfo kan sauka zuwa wajen digiri 5, shi ya sa tasa mai gas ce. Tsoronsu ma daban: in wuta ta ɗauke, ruwan da ya rage a ciki ya daskare ya fasa bututun, sai dai a tsiyaye shi tun da wuri. Ya ce in sayi mai gas. Ni ban yarda ba. Banɗakin Inna ƴar taga ɗaya gare shi, hayaƙin da ba a gani kuwa kisa yake yi, kamar na gawayi a rufaffen ɗaki.

Ƙaramin janaretonmu ba zai ja hitar tamu ba, wannan an gama magana. Wankan minti 10 kuma kusan yunit 1 yake ci a mita. Gobe mai gyaran zai dawo da waya mai kauri, ya ce wadda aka ja mata ta yi siriri, har ɗumi take ɗauka.