Gem ɗin da Kawu ya bar mana

Makon jiya Umma ta sa a kwashe kayan ɗakin ajiya na gidanmu da ke unguwar Jahun a Bauchi, saboda rufin ya fara yoyo ga damina ta kankama. A ƙasan wata tsohuwar adaka ƙanwata ta ciro wani abu naɗe cikin zani, ta miƙo mini tana cewa, "Yaya, ga dukiyarka." Ina warwarewa na gane shi tun kafin in gama gani: gem ɗinmu ne. Farar robarsa ta koma ruwan ƙasa, hannayensa biyu suna nan da wayoyinsu a nannaɗe, ga bindigar roba, ga kaset huɗu masu launin ɗorawa. Na zauna a bakin ƙofa da shi a cinyata har aka kira la'asar.

Na Kawu ne, ƙanin Umma. A gidanmu yake zaune lokacin, yana aikin gwamnati. Da aka cire jihar Gombe daga Bauchi a watan Oktoban 1996, yana cikin ma'aikatan da suka koma can. Ranar da zai tafi, an riga an ɗaure katifarsa a saman mota, sai ya koma ɗaki ya fito da kwalin ya ɗora mini a ka, ya ce in riƙe amana, kada in hana ƙannena. Ina aji biyar na firamare.

Ba mu san sunansa ba. Mu dai "gem" muke cewa, wasu yara kuma su ce "famili". Sai da na girma na san labarin. Kamfanin Nintendo na Japan ne ya fitar da na asalin a 1983 da sunan Family Computer, ana taƙaita shi Famicom, sannan ya isa Amurka a 1985 da sabuwar siffa da sabon suna, NES. Wanda ya iso hannunmu kwaikwayo ne, irin waɗanda masana'antun Taiwan da Sin suka yi ta bugawa suna turawa ƙasashen da na asalin bai je ba, ko ya fi ƙarfin aljihun mutane. Wani abokina da ya yi karatu a Ingila ya taɓa ce mini ai jabu muka yi wasa da shi. Maganar ta tsaya mini a rai. Jabu ne a wurin mai kamfani, wannan gaskiya ce. Amma da babu shi, babu yaro ko ɗaya a layinmu da zai taɓa kwamfuta kafin ya kai sakandare. Ni ban san wani na gaske da ya wuce shi ba.

Namu irin mai allon rubutu ne a jikinsa, kamar na tafireta, ramin kaset a sama. Wannan allon ne ya sa Baba ya yarda ya zauna a falo, domin Kawu ya gaya masa na karatu ne. Kuma bai yi ƙarya ba. Ɗaya daga cikin kaset ɗin yana da darasin koyon buga rubutu, haruffa suna faɗowa daga sama kana danna su kafin su taɓa ƙasa, sannan akwai yaren BASIC a ciki, wanda ake rubuta wa kwamfuta umarni da shi. Wani ɗalibin Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke haya a maƙwabtanmu ya nuna mini layi biyu. A na farko ka rubuta 10 PRINT da sunanka, a na biyu ka rubuta 20 GOTO 10, sai ka ba shi umarnin RUN. Sunana ya cika fuskar talabijin yana gangarowa ba tsayawa. A talabijin ɗin da muke kallon labaran NTA da ƙarfe tara, inda sai gwamna da manyan mutane ake ambata! Na ruga na jawo Umma daga madafa da ludayi a hannunta. Ta duba ta ce, "Ikon Allah, kai ka sa shi?" Aikin da nake ci da shi yau, daga wannan yammacin ya faro.

Haɗa shi ma aiki ne. Sai ka zare wayar eriya daga bayan talabijin ka soka ta gem, ka yi ta murɗa abin neman tasha cikin yayyafin nan mai shuuu har hoto ya tsaya. In kaset ya ƙi kamawa, a ciro shi a hura masa iska, a mayar. Kowa ya yi imani da hurawar nan. Daga baya na fahimci cirewa da mayarwar ce ke gyara zaman haƙoran ƙarfen, su sittin ne a kaset ɗin Famicom, danshin baki kuwa tsatsa yake jawo musu. Adaftar tana ɗaukar zafi sosai, shi ya sa in Baba ya dawo daga kasuwa ba ya tambayar kowa, tafin hannu kawai yake ɗorawa a kanta. Shi da iyaye da yawa a lokacin sun yarda gem yana kashe talabijin, kuma talabijin ɗaya ce a gidan, an sha wuya kafin a saye ta. Ban ga laifinsa ba.

A jikin wani kaset an rubuta wasanni dubu tara da ɗari tara da casa'in da tara. Mun ƙirga na gaskiya, ba su kai goma sha biyar ba, sauran maimaici ne da aka canza wa launi ko matakin farawa. Waɗannan 'yan kaɗan sun ishe mu shekaru. Akwai Super Mario Bros., akwai Contra, akwai harbin agwagwa, akwai wanda muke kira "tanka", wato Battle City, inda mutum biyu ke tsare wata mikiya da ke cikin ganuwar bulo a ƙasan allo. Tanka ne ya fi haɗa mu faɗa da shiri, domin harsashinka ma yana iya rusa ganuwar, kuma in mikiya ta mutu kowa ya mutu.

Hannu biyu ne, mu kuwa mukan kai goma a kan tabarma ranar Alhamis da yamma da babu Islamiyya. Dokar ita ce in ka mutu ka miƙa. Babba ko ƙarami, ɗan gida ko baƙo, har almajirin da ke yi wa Umma aike yana da layinsa, kuma ya fi mu duka iya Contra. Shi ya zo mana da sirrin rai talatin: sama sama, ƙasa ƙasa, hagu dama, hagu dama, B, A. A wani gidan gem da ke wajen Wunti ya gani, ya haddace. Na'urar ba ta ajiye inda ka tsaya. Mario yana da duniya takwas, matakai talatin da biyu, in aka ɗauke wuta kana ta bakwai, gobe daga farko za ka soma. Saboda haka duk abin da ɗaya ya gano, kamar hanyar ɓoye da ke saman rufi a mataki na biyu wadda ke tsallakar da kai gaba, na kowa ne. Wanda ke jiran layi yana kallo yana koyo, yana ihun "yi tsalle!"

Abin da har yanzu yake ba ni mamaki shi ne ƙanƙantar abin. Ma'ajiyar aikin na'urar kilobait 2 ce. Mario gaba ɗayansa, da kiɗansa da dodanninsa, kilobait 40 ne. Hoto ɗaya da ake turo mini a WhatsApp na ɗaurin aure ya fi shi nauyi. Mutanen da suka ƙera shi, su Shigeru Miyamoto, sun yi tattali irin na mai dafa wa gida guda da mudu ɗaya: gajimaren sama da ciyawar ƙasa zane ɗaya ne, launi kawai aka sauya.

Daga baya Sega ta shigo gari, sai PlayStation, aka buɗe gidajen gem a unguwanni, kuɗin tara ya koma can. Yara suka daina zuwa falonmu. Ban ma san ranar da Umma ta naɗe shi ta adana ba.

Shekaranjiya na kai shi Wunti wurin wani dattijo mai gyaran rediyo. Ya juya shi a hannu ya yi murmushi, ya ce, "Ɗana, rabona da irin wannan an daɗe." Ya goge haƙoran kaset da auduga, ya nemo adafta, ya kunna. Ya kama. A gida na haɗa shi da talabijin ɗinmu ta bango, Mario ya fito, amma bindiga ta ƙi ci ko sau ɗaya. Dalilin yana cikin yadda aka yi ta. Bindigar ba ta harba komai, ido ne da ita mai jin haske. In ka ja kunama, allon yakan yi baƙi na ƙiftawar ido, sannan farin murabba'i ya bayyana a inda agwagwar take, in bakin bindigar na kallon wurin sai ta ga hasken. Talabijin mai ƙoƙon baya tana nuna hoto nan take, ta zamani kuwa tana ɗan jinkirta shi, sai lissafin ya ɓace. Don haka na koma wurin dattijon, ya ce akwai wata 'yar inci goma sha huɗu da mai ita bai dawo karɓa ba tun tuni, zai nemi izininsa, in zo ranar Asabar.

Da daddare na kira Kawu a Gombe. Ya yi ritaya yanzu, yana Tudun Wada da jikokinsa. Bayan mun gaisa na ce, "Kawu, kun tuna gem ɗin da kuka bar mini?" Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, "Yana nan? Har da bindigar?" Na ce har da ita. Ya ce to in an samu talabijin ɗin in sako su a mota in zo masa da su bayan Juma'a, kuma in taho da yarana.