Tsohuwar rediyon soja: ƙannena ku ji yadda na yi asarar kuɗin riɗina

Ni dai tun ina yaro a ƙauyenmu can bayan Ringim nake da ciwon rediyo. Baba, Allah ya jiƙansa, baya fashin BBC da safe, sashen Hausan nan da aka buɗe tun 1957, in an gama ya murɗa zuwa Jamus ko Muryar Amurka, duk a gajeren zango. To kwanan nan naga yaranmu nata turo min hotunan korayen rediyoyin soja daga intanet suna cewa Yaya wannan fa, shi yasa nace bari in faɗa muku abinda ya sameni.

Ta farko a wajen wani ɗan gwangwan na ganta a Kano, koriya, ga nauyi, ga wayar magana a jiki irin ta oba-oba, an rubuta PRC-77. Zuciyata tace abinda soja ya riƙe a daji ai ba tashar da zata gagareshi. Na sayar da riɗina na biya, ko tambaya ɗaya ban yi ba. Da ƙyar muka samo mata wuta, muka kunna, shuuu kawai, kwana uku ina murɗawa ba BBC ba kowa. Sai wani dattijo mai gyaran rediyo ya duba yace ɗana ai lafiyarta ƙalau, ita daga megahaz 30 (ma'aunin zangon tasha kenan) take farawa ta tsaya wajen 76, gajeren zango kuwa daga 3 zuwa 30 ne, tashoshin FM kuma sai wajen 88 zuwa 108. Wato a tsakani take, bata kama wannan bata kama wancan. Sojan Amurka sunyi ta ne tun lokacin yaƙin Biyetnam don su dinga magana da junansu a kusa, ba don jin labaran duniya ba. Kuma wallahi lambobin nan suna rubuce a fuskarta, ni ne ban san me suke nufi ba. Dan Allah kafin ka taɓa aljihu ka fara karanta wannan lambar.

Ban haƙura ba, bayan shekara biyu na samu Clansman PRC-320 ta sojan Ingila, wannan kam daga 2 zuwa 30 take, daidai. Amma bolt 24 take ci, mu kuma ba NEPA a garin, batirin sola ɗaya gareni mai 12, sai da na aro na maƙwabci na haɗa biyu. Tayi aiki, na ji daɗi sosai, sai dai ba irin rediyon gida bace da zaka dinga juyawa a hankali kana tsintar tasha, lamba-lamba ake sawa, dole ka riga ka san inda tashar take. Wata rana da daddare ina sauri na juya wayoyin batir, ja a wajen baƙi, sai ƙauri. Har yau ba a samu kayan gyaranta ba, mai gyaran yace ko a birni ba wanda ke ajiye irinsu.

Abinda yafi tayar min da hankali kuma shine ranar da na ɗaukota a buhu a bayan babur zan kai gyara, jami'an tsaro suka tsayar dani a hanya. Ban ga laifinsu ba ko kaɗan, a wannan zamani na masu garkuwa da mutane ka ga saurayi da rediyon soja a buhu me zaka ce? Wuni nayi a wajen, sai da dagacinmu yazo da kansa ya tsaya min, Inna kuwa ranar ko abinci bata ci ba. Ku sani sauraro daban, watsa magana daban. Waɗannan na'urorin suna iya aika murya, kuma wannan sai da lasisin gwamnati, masu lasisi a Najeriya lambar kiransu ta rediyo da 5N take farawa. In baka dashi kar ka danna maɓallin magana ko da wasa.

Yanzu abinda nake amfani dashi ƴar ƙaramar rediyo ce ƙirar Tecsun mai SSB, wato salon aika murya da masu lasisin nan ke hira da junansu dashi, don ba tare da SSB ba muryar masu hira ta rediyo kamar kukan agwagwa zaka jita. Na ja wayar jan ƙarfe kamar taku ashirin daga darbejiyar ƙofar gida zuwa tagata a matsayin eriya, bayan magariba ina jinsu a wajen megahaz 7, da rana a 14, mutanen Turai da na Afirka suna gaisawa. Ka matsar da rediyon daga cajar waya da inbata don su ke kawo ƙara, in hadari ya haɗo da damina kuma ka cire wayar eriyar tun kafin a fara tsawa. Da sola ƙarama nake cajinta, tana kai ni kwana da kwanaki.