Hammatar rigar osnabag ta daina zarewa

'Yan uwa masu ɗinkin hannu, alhamdulillahi, hammatar nan ta zauna! Na ɗaga hannu sama, na ja, na wanke, ko zare ɗaya bai fita ba.

Rigar aiki ce irin ta ƙarni na 18 nake ɗinkawa da osnabag, lilin mai kaushi da ya samo sunansa daga garin Osnaburuk na Jamus. Da guntayen da suka rage bayan an taje zare mai kyau ake saƙa shi, shi ya sa yake da ƙulle-ƙulle, nan kauri, can siriri. Daga baya masaƙan Sukotlan suka kama yinsa, ana lodawa zuwa Amurka, inda ya zama tufar bayi a gonaki. Sanarwar cigiyar bayin da suka gudu a jaridun yankin Bajiniya na Amurka ta sha ambaton rigar osnabag. In yadin ya goge mini wuya, raina yakan ɓaci don waɗanda suka yini da shi cikin rana.

Masifar tana kusurwar ɗan ƙyallen hammata, wanda ake sawa tsakanin hannu da jikin riga, inda ɗinki uku suka haɗu. Saƙar sakwa-sakwa ce, kana soka allura kusa da baki sai zaren kwance ya biyo ta. Ka tsuke ɗinki, yadin ya tattare. Ka sassauta, rami ya buɗe. Har ajiye rigar na yi don takaici.

Abin da ya yi magani: na zare zare ɗaya daga yadin, na bi layinsa da almakashi, ƙyallen ya fita daidai da saƙa. Na bar baki mai faɗi, na bi shi da ɗinkin kewaye tun kafin in haɗa komai. Zaren lilin ɗin kuwa sai da na goga masa kakin zuma, in ba haka ba yadin cinye shi yake yi. Sannan na kalmasa, na tsaya daf da kusurwar, na ɗaure, na soma ɗaya gefen da sabon zare.

Kuɗin aikowa ya kusa kai kuɗin yadin, abin ya yi mini ciwo. Ku tambaya kafin ku biya, don yawancin osnabag na yanzu auduga ce, kusan akoko. Kuma ku wanke kafin ku yanka, yana tsukewa sosai. Saura wuyan riga, ina jiran maɓallan ƙashi.