Tsakanin ƙofar lakwal da ƙofar likita

Shekara uku ke nan ina cikin kwamitin iyaye da malamai na wata makarantar firamare ta gwamnati a nan birnin Damagaram, kwamitin da kowa ya fi sani da Kojes, kuma a tsawon wannan lokaci babu abin da ya ci zamanmu kamar rashin lafiyar yara, ko da yake ba da wannan suna maganar take zuwa gabanmu ba. Da sunan fashi take zuwa. Direkta zai buɗe rajista ya karanto sunayen waɗanda suka yi kwana biyar ko mako biyu ba su leƙo aji ba, a ce a kira iyayensu a ja musu kunne, idan kuwa an kira su sai ka ji uwa ta ce masassara ce ta kwantar da yaron, ko ciwon ciki, ko kuma ƙanwarsa ce aka kwantar a asibiti aka bar masa tsaron gida. Da na ji irin wannan amsa sau da yawa, sai na daina kallon rajistar a matsayin takardar ladabtarwa, na fara karanta ta kamar littafin majo, wato shugaban ma'aikatan jinya na gidan likita.

Tsarin kiwon lafiya na ƙasarmu ya san jariri sarai. Tun shekarar 2006 aka ce a riƙa duba yaran da ba su kai shekara 5 ba kyauta a asibitocin gwamnati, kuma duk da ƙorafin da ake yi na yankewar magani, uwa ta san tana da ƙofar da za ta ƙwanƙwasa. Jariri yana da katin awo da na allurar rigakafi. Idan damina ta kankama, masu bi gida gida suna kawo ƙwayoyin kariya daga zazzaɓin cizon sauro sau ɗaya a wata, ga yara daga wata 3 zuwa wata 59. Ranar da yaro ya cika shekara 5 duk wannan ya ƙare masa, shekara ɗaya ko biyu bayan nan kuma sai a sa shi lakwal. Ke nan daidai lokacin da hukuma ta fara ganinsa kowace safiya, da sunansa a rubuce da malamin da ke kiran sunan, shi ne lokacin da idon likita ya ɗauke daga kansa. Yarinya ba ta sake shiga lissafin sosai sai ranar da ta je awon ciki.

Ban ce an yi kuskure da aka fifita ƙanana ba, domin su ne zazzaɓi da tamowa suka fi kashewa, kuma wanda ke da ruwa kaɗan shukar da ta fi laushi yake fara bai wa. Sai dai ana komawa makaranta a watan Oktoba, a ƙarshen damina, lokacin da sauro ya gama yaɗuwa kuma gadajen asibiti suke cike. Ɗan shekara 9 ba kasafai zazzaɓin ke kai shi lahira ba, amma yana cinye masa jini, ya bar shi da kasala da gyangyaɗi a aji, har malami ya ɗauka lalaci ne ya ɗaga masa bulala. Makonnin farko na shekara su ne ake kafa tubalin karatu, kuma su ne yaranmu suka fi rasawa. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa ƙasashe za su iya faɗaɗa irin wannan magani na kariya zuwa ga yaran da suka kai shekarun makaranta a inda cutar ta yi yawa. Ni dai a ganina da wuya a sami wurin rabo da ya fi aji sauƙi, tunda yaran sun riga sun taru kuma an riga an ƙidaya su.

Abin da ya fi shigowa makarantunmu da sunan lafiya shi ne kamfe, wato a zo rana ɗaya ko biyu a raba magani a tafi. Wanda na fi sani shi ne na tsargiya, da ƙasar ta fara gadan-gadan tun 2004. Duk wanda ya tashi a garin nan ya san tabkuna da kududdufan da aka haƙa don ƙasar gini, waɗanda ke cika da damina su zama wurin wanka da kamun kifi na yara maza. Tsutsar tsargiya a nan take jira. Mai ciwon yana yin fitsari a bakin ruwa, ƙwan ya ƙyanƙyashe ya shiga jikin ƙananan dodon-koɗi, ya fito ya huda fatar wanda ya shiga ruwan, ya je ya zauna a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara. Muna yara, idan ɗayanmu ya ga jini a ƙarshen fitsarinsa ba ya gaya wa kowa a gida, wasu ma na cewa alamar girma ce, namiji ya fara zama namiji. Har yau akwai masu wannan zance, alhali kuwa jinin da ke zuba kaɗan kaɗan shekara da shekaru shi ne ke sa yaro ya ɗashe, kuma idan aka bar ciwon yana iya lalata mafitsara da ƙoda.

Maganin, wanda ake kira Praziquantel, yana da sauƙin rabo. Ba a bukatar ma'aunin nauyi, sanda ce mai zane a jingine da bango, yaro ya tsaya, tsawonsa ya nuna yawan ƙwayoyin da za a ba shi, kuma malamai ne ke yi bayan ɗan gajeren horo. Amma yana da sharaɗi guda, ba a shan sa da yunwa. A makarantarmu an taɓa yin rabon da sassafe ba tare da an sanar da iyaye tun jajibiri ba, yara da yawa kuwa ba su karya ba. Kafin hantsi wasu na amai, wasu jiri ya zaunar da su a gindin bishiya, kafin azahar labari ya kai kasuwa cewa an ba yara guba a lakwal. Babu yaron da bai tashi garau ba washegari, amma da rabo na gaba ya zo, iyaye da dama sun riƙe ƴaƴansu a gida. Wata tsohuwa ta tare ni a bakin masallaci ta ce, "Malam, ku da kuke zama da su, ku gaya mini gaskiya, me ke cikin maganin nan?" Ban ga laifinta ba. Wanda aka bai wa jikansa abu ba a gaya masa ba, yana da ikon ya yi zato. Daga baya ƙungiyar iyaye mata ta ɗauki nauyin dama kunu a ranar rabo, kowane gida ya kawo ɗan gero, aka kuma roƙi liman ya yi sanarwa bayan sallar Juma'a. Tukunya biyu ta kunu ta yi abin da takardun faɗakarwa suka kasa yi.

Daga nan na fahimci cewa abinci a makaranta magani ne shi ma. Wuraren dafa wa ɗalibai abinci, wato kantin, da gwamnati da Hukumar Abinci ta Duniya, wato PAM, suke tallafawa sun fi yawa a karkara da yankunan makiyaya, kuma haka ya dace, domin can ne yaro ke taka tafiya mai nisa kafin ya iso aji. Mu na birni an ɗauka muna da hali. Abin da yaronmu ke ci shi ne abin da dala goma ko ashirin za ta saya masa wurin masu talla a bakin ƙofa, ƙosai ko awara ko ɗanwake, idan an ba shi kuɗin ke nan, kuma ba wanda ke duba ko an rufe abincin daga ƙuda da ƙura.

Maganar da ta fi kowace nauyi a Damagaram kuwa ita ce ruwa. Garin a kan dutse yake zaune, ruwansa daga nesa ake jawo shi, daga rijiyoyin Gogo da Macaya, da Arunguza, da Ganaram, kuma ƙarancinsa na cikin dalilan da ake bayarwa na mayar da babban birnin ƙasa daga nan zuwa Yamai a 1926. Kowace ranar 15 ga Oktoba ana bikin wanke hannu na duniya, a zo mana da bokitai masu famfo da sabulu, yara su yi waƙa, a ɗauki hoto. Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 kuma famfo ke yin kwanaki bai ɗiga ba, bokitan nan a jere suke a ofishin direkta, a bushe. Ta yaya malami zai koyar da darasin tsabta ga yaron da ya ga an kulle makewayi saboda babu ruwan korawa? Maza sukan zagaya bayan katanga. Ƴan matan aji biyar da shida ba su da wannan damar, sai su ƙi shan ruwa tun safe don kada fitsari ya kama su, wadda kuma ta fara al'ada sai ta zauna a gida kwana uku ko huɗu kowane wata. Malamai mata ne suka gaya mana wannan a zaman kwamiti, muryarsu ƙasa ƙasa, mu maza kuwa kowa ya sunkuyar da kai, domin shekara biyu muna karanta sunayen yaran nan a jerin masu fashi ba mu taɓa lura cewa fashin nasu yana bin wata ba. Yanzu kaso mafi girma na ɗan kuɗin da iyaye ke tarawa wurin masu turo ruwa a bido yake tafiya, kuma ba na jin akwai abin da muke kashe wa kuɗi da ya fi wannan amfani.

Hunturu na zuwa da nasa. Tsakanin Nuwamba 2022 da ƙarshen Janairu 2023 an ƙidaya mutum 559 da sanƙarau ya kama a jihar Damagaram, 18 suka rasu, gundumar Dungas ce ta fi jin jiki. A cikin 2023 ɗin mashaƙo ya ɓulla a Matamai. Cututtuka ne da ke son cunkoso, aji mai yara tamanin ko ɗari kuwa cunkoso ne. A watan Fabrairu na shekarar ne kuma gobara ta kama ajin zana a nan cikin gari ta ci ran yara 3, bayan waɗanda aka yi a Yamai da Maraɗi a 2021 suka hallaka yara da yawa. Idan annoba ta tashi ana zuwa a yi allura a makarantu, ana kuma yin ta da sauri, wannan na yaba. Amma kafin a kai ga kiran abu annoba, wani ne ya fara ganin yaro na farko da wuyansa ya sanƙare ko maƙogwaronsa ya kumbura, kuma sau da yawa wannan wanin malamin aji ne, wanda ba a koya masa alamomin ba, ba a kuma ba shi lambar da zai kira ba. Abin da ya iya shi ne ya ce wa yaro, "Tashi ka tafi gida," ya haɗa shi da wani yaron ya raka shi.

Duk wannan ma maganar waɗanda ke cikin rajista ce. Almajiran da ke kwana a zaurukan malamai, waɗanda su ne suka fi wanka a tabki kuma suka fi kwana a cunkushe, rabon da aka tsara a kan jerin sunayen lakwal yakan wuce su sai in masu rabon sun bi su har makarantar allo.

Gidan likita na unguwa, wanda muke kira CSI, bai kai tafiyar minti goma daga makarantarmu ba, amma sai bara muka fara taka ƙafa can da sunan kwamiti. Majo ya karɓe mu a tsaye, mata na jere a benci da goyo suna jiransa. Da muka gama bayani ya ce, "Alhaji, ni ban ƙi ba, amma ku dubi layin nan, mu nawa ne a nan?" Gaskiyarsa ce. Ba mu nemi a ba mu ma'aikacin jinya na kanmu ba, tunda mun san babu. Abin da muka daidaita a kai ƙarami ne. Ya ba direkta lambar wayarsa. Ya zo wata Asabar ya zauna da malamai awa biyu, ya nuna musu alamomin da ba a jira da su, zafin jiki mai tsanani da sanƙarewar wuya, jijjiga, ɗashewar tafin hannu da cikin ido, jini a fitsari. Muka buɗe littafi da ake rubuta duk yaron da aka tura, da ƴar takarda mai hatimin makaranta da zai riƙe don kada ya kwana a layi. Rage kuɗin ganin likita da rabi da hukumomi suka yi a 2024 ya taimaka, sauran kuma muna cikewa daga asusun iyaye ga wanda gidansu ba su da shi.

A ranar ne kuma ya manna wata takarda mai haruffa manya da ƙanana a bangon aji, ya auna taku, ya nuna yadda ake gwada gani da rufe ido ɗaya. Da malamai suka gwada ajujuwansu a makon da ya biyo, cikin waɗanda suka kasa karanta layukan ƙasa har da ƴata ta aji huɗu, wadda na sha yi wa faɗa a kan munin rubutu da kwafar darasi ba daidai ba. Na tambaye ta me ya sa ba ta taɓa gaya mini ba ta ganin allo, ta ce, "Baba, na ɗauka kowa haka yake gani." An dawo da ita bencin gaba, mun kai ta babban asibiti an auna ta, tabarau kuma ya zo bayan mako uku.

Littafin turawa ya kusa cika, kuma idan ka bi shafukansa za ka ga Oktoba da Nuwamba sun cinye fiye da sauran watanni gaba ɗaya. Majo ya ce zai sake zuwa bayan hutun Disamba idan aiki ya bar shi. Takardar da muka rubuta ta neman a gina mana tankin ajiye ruwa kafin bazara tana can inda muka kai ta, kuma direkta ya ce ranar Litinin mai zuwa ni da shi za mu koma mu ji inda aka kwana.