Godiya Bayan Dawowata Daga Laburaren Birtaniya

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Alhamdulillahi na iso gida lafiya daga Landan, aikin binciken da ya kai ni British Library ya kammalu, kuma tunda ba zan iya bin kowa gida-gida ba na ce bari in rubuto godiyata a nan.

Farko dai malamina mai duba aikina, Malam Allah ya saka da alheri. Shi ya dage cewa ba zan rubuta tarihin rubutun Hausar boko da hoton fotokwafi na fotokwafi ba, sai na je na ga bugun asali da idona, shi ya rubuta min takardar da na nemi biza da ita, kuma har na dawo bai daina kira yana tambaya ina aka kwana ba. Sai yayana da ya cika min kuɗin jirgi ba tare da na roƙa ba, da ɗan uwanmu da ya sauke ni a ɗakinsa duk da ƙanƙantarsa, kullum na dawo da dare sai in tarar ya ajiye min abinci da zafinsa.

Ma'aikatan laburaren kuwa wallahi ban san da wane baki zan gode musu ba. Katin shiga kyauta ne, fasfo da shaidar adireshi kawai aka duba aka ɗauke ni hoto. Jaka da rigar sanyi a loka ake barinsu can ƙasa, biro ba ya shiga ko da wasa, sai fensir da waya da kwamfuta a cikin farar leda da ake ganin abin da ke ciki. Wuri ne mai ajiye abubuwa sama da miliyan 170, wasu ma ba a babban gininsa na St Pancras da ke Landan suke ba, suna can Boston Spa a arewacin Ingila sai ka yi oda ka jira a kawo, to in ba wanda ya kama hannunka ɓata kawai za ka yi. Wata dattijuwa a ɗakin littattafai masu wuyar samu ita ta zauna da ni ta nuna min yadda ake neman lambar littafi, ta kawo soso guda biyu aka jingina bangon a kai don kada ɗinkin ya ɓalle, ta ɗora wata igiya mai nauyi ta danne shafin, ta ce ba a sa safar hannu, a wanke hannu dai ya bushe. Ban san sunanta ba amma ba zan manta da ita ba.

A kan wannan soson na buɗe littafin kalmomin Hausa na Schön, wani Bature ɗan mishan, na 1843, da na tafiyar Turawan nan masu yawon bincike Denham da Clapperton na 1826 wanda a ciki aka buga taswirar da aka zana wa Clapperton a Sakkwato zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Amma wanda ya fi taɓa ni shi ne wani littafin na Schön, Magana Hausa na 1885. Jama'a labarin Dorugu ne fa a ciki da bakinsa, yaron ƙasar Damagaram da aka kama bauta yana ƙarami, ya samu 'yanci, ya bi Bature mai yawon bincike Barth wanda mutanenmu ke kira Abdulkarim har Ingila a 1855, ya zauna yana ba Schön labari da tatsuniyoyi ana rubutawa. Ba ƙa mai lanƙwasa ba ɗa mai lanƙwasa, rubutun sai ka karanta a hankali kana motsa leɓe kafin ka ji Hausar ta fito, amma da ta fito sai ka ji yaro ne Bahaushe ke magana kamar yana zaune gefenka, yana faɗin yadda aka raba shi da iyayensa. Na daɗe ban juya shafin ba. Mutumin nan ya dawo ƙasarmu ya rasu a Kano a 1912, kuma gaskiya a ganina ba mu ba shi haƙƙinsa ba, sunan Bature ne a bangon littafin amma harshen nasa ne. Shi ma yana cikin waɗanda nake yi wa godiya yau.

Kafin in taho na leƙa zauren baje koli na ga Alƙur'anin Sarki Baibars da aka rubuta da ruwan zinare a Alƙahira tsakanin 1304 da 1306, nan ma kyauta ake shiga, duk wanda Allah ya kai Landan ya daure ya je.

Maman yara, ke kam kin san komai, kin riƙe gida da makarantar yara da jinyar Hajiya ke kaɗai ba ki taɓa ce min in dawo ba, Allah ya biya ki da Aljanna. Hajiyata da ta yi ta addu'a tana tambaya wai sanyin bai kama min ƙirji ba, Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana. Abokan aikina da suka karɓar min aji, da ɗalibaina da suka yi haƙuri, na gode ƙwarai, ranar Litinin in sha Allahu ina ofis, mai son ganin hotunan shafukan da aka yarda in ɗauka ya same ni bayan azahar.